Baitin Yaya a Kunnen Hagu

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa mata, ni da Yaya, kuma mu biyu ta bar wa waƙar fitar amarya ta gidanmu. Daga ƙasar Gobir muka zo da ita Agege, a ka muka ɗauko ta kamar tulu, don daga ni har Yaya babu wadda ta san ko bihim a takarda. Kada wani ya ɗauka mu maroƙa ne. Ba mu taɓa buɗe baki a bikin wani don a liƙa mana ba. Waƙar ta 'ya'yan gidanmu mata ce kaɗai. Ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, in an gama wanka an lulluɓe ta, sai a cika daro da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, mata su kewaye, a yi ta kaɗawa da ludayi har ƙafarta ta tsallake dokin ƙofa. Baiti goma sha ɗaya na mahaifiyarmu ne. Na goma sha biyu Yaya ce ta ƙaga shi a nan Ikko, shi ne na tsallake ƙofar, a ƙarshensa ake kiran sunan amarya.

Shi na manta. Bari in faɗa tun yanzu, tunda a lokacin na kasa faɗa wa kowa.

Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, wayar hannu ta fara shigowa har ana bin mai ita da kallo, sai ɗiyar Yaya ta zo mini daga Mile 12, inda mijinta yake dillancin tumatir. Ita ce 'yar fari a wurin Yaya, ni kuwa na goye ta, don a al'adarmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta wasa da shi, ba ta kama sunansa har ta mutu. Tun da aka yaye ta aka miƙo mini ita. Ni take ce wa Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, kamar yadda ta ji ina faɗi.

Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Inna, an sa ranar jikarki. Bayan ƙaramar salla."

Na ce Allah ya sanya alheri.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Baitin Yaya. Kin san ni ba a yi mini shi ba. Abin da ban samu ba, ina so ita ta samu."

Gaskiya ta faɗa. Ranar nata bikin, shekara ashirin da 'yan kai a baya, Yaya ta shige ɗaki ta saki labule kamar yadda kunya ta ce, ni na ja waƙar. Na yi sha ɗaya lafiya lau. Da na ɗaga ido na ga 'yar da na goya a lulluɓe tana laluben ƙofa da ƙafa, maƙogwarona ya shaƙe. Mata suka rufa mini asiri da guɗa da kiɗa, aka fitar da ita haka nan, ba baiti ba suna.

Na ce, "Ke 'yar nan, ni za ki tuna wa waƙar gidanmu? Abin da ya shiga kunnen nan sau ɗaya ai ya shiga rumbu ke nan. Tashi ki je ki nemo lalle mai kyau."

Tana fita na jawo faifan tsintar shinkafa, na fara rerawa a hankali don in wasa murya. Sha ɗaya suka zo a jere kamar awaki sun ji dusa. Na buɗe baki a kan na sha biyu, sai iska. Karin yana nan, ina jinsa yana hawa yana sauka, amma kalma ko ɗaya babu. Na ce gajiya ce. Washegari haka, jibi haka. Yaya ta shekara tara a ƙasa, kuma tun rasuwarta maza kawai gidanmu ya aurar, ba a kifa ƙwarya ba. Ashe ina zaune ina tinƙaho da rumbu, gara ta shiga ta ƙasa. 'Yan amshinmu da suka rage su biyu ne, amshi kawai suka iya, kuma da in je in tambaye su gara in haɗiye harshena.

Akwai kaset. Mijin Yaya ya taho da rikoda daga aikin hajji a shekarar bikin, ya ɗauki kiɗan daga farko har ƙarshe. Na san baitin ba ya ciki, ai ni ce ban yi shi ba. Amma na ce in na ji muryata ta ƙuruciya tana gangarowa daga na goma zuwa na sha ɗaya, wataƙila ta zarce da kanta, kamar jakin da ya san hanyar gida. Na sa a rediyona mai lasifika ɗaya, na ji, na mayar, na ji. Wurin da na shaƙe ba abin da ke fita sai dukan ƙwarya da guɗa da wani shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ran na huɗu rediyon ya kama zaren ya fara tauna. Da allura na zaro shi. Na ƙulle kaset ɗin a bakin zane na nufi shagon mai gyara, a bakin layin dogo.

Bayarabe ne, haifaffen zango, yana jin Hausa kamar jakin Kano, ya doshi hamsin a lokacin. An ce da can ya yi aiki a cikin gari, inda ake ɗaukar muryar mawaƙa a faifai. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa ba sai na faɗa ba, wasa ne na gado. Ko a shekarun nan da gari yake ɗar-ɗar tsakanin Hausawa da Yarbawa, ni da shi ba mu fasa ba.

Yana hango ni ya ce, "A'a, yau baiwata ta tuna da ubangidanta! Me kika kawo mini, fura ko gaisuwa?"

Na ce, "Tashi ka ba uwargijiyarka kujera, bawan gado. Manja ya toshe maka ido, ba ka ga manya ba?"

"Na gani mana, Iya. Wannan zanen fuska ai ko a duhu an gan shi. Har yanzu ba a kama kyanwar da ta yakushe ki ba?"

Ya ba ni kujerar. Na miƙa masa kaset, na ce ya bi shi a hankali, akwai matattu a ciki. Wasa ya bar fuskarsa. Ya kwance shi, ya miƙe inda ya yamutse da bayan farce, ya ɗauke zaren ɗungurungum ya mayar cikin sabon gida. Sannan ya tambaye ni da me nake sauraro. Na faɗa masa. Ya kama kai.

"Iya, wannan ai kamar ki tuƙa tuwon salla ne ki ci da tsinken sakace."

Sai ya nuna mini bango. A jikin ƙusoshi an rataye wasu abubuwa, kowanne a jakar yadi, kamar layu. Hedifon, in ji shi, abin da ake kifawa a kunne mutum ya ji sauti shi kaɗai. Unguwa ta san shi da wannan larura. Duk inda aka sauke kayan tokumbo, wato kwancen Turai, sai ya je ya tona, matarsa tana cewa da abin da ya zuba a kunne a bulo ya zuba shi, da yanzu a bene suke kwana. Ya sauko da uku.

"Ba zan sa miki kaset ɗinki yanzu ba. Sai na wanke miki kunne tukuna."

"Kunnen nawa? Tun kana cikin tsumma nake bambance ƙwarya mai tsaga da lafiyayya daga bayan katanga."

"To yau za mu gani."

Abin ba ya zama a kan ɗaurin kallabi, ni kuwa ba zan tuɓe kai a bakin titi ba. Ya juya baya yana kallon bango kamar ɗan kirki, na cire 'yan kunne, na zame kallabin baya kaɗan, na kifa abin, na jawo mayafi na rufe duka. Duk wanda ya leƙo ranar ya ga tsohuwa da ƙahoni a ƙarƙashin mayafi.

Na farkon ƙarami ne, kamar ƙosai biyu a jikin waya, irin wanda samari suke yawo da shi a kan okada, wato acaɓa. Ya sa kiɗan goge. Na zabura na waiga. Na rantse mai gogen a tsakiyar kaina yake zaune, tsakanin kunne da kunne, wurin da tunani yake kwana. Ban taɓa sanin sauti yana shiga can ba. Na yi salati. Amma da mamakin ya lafa sai na ji abin siriri ne, kamar sauro a gwangwanin madara, gogen ba ciki, mai waƙar kamar yana mura.

Na ce, "Wannan ya san hanya, amma bai ɗauko kaya ba."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya miƙo na biyu.

Shi kuma ƙato ne baƙi, ƙoƙo biyu masu laushin fata, ga nauyi. Yana rufe kunnena Agege ta ɓace. Kwandastocin danfo, motocin hayar nan, da ke ihun neman fasinjan Oshodi, injin markaɗen maƙwabta, duk kamar an kifa musu masaki. Na ji bugun zuciyata. Sai ya saki kiɗan mutanensu, na gangunan nan masu magana. Wayyo. Ganga ta daki ƙirjina, ta sauka cikina, ta fita ta tafin ƙafa. Ni da na shekara arba'in ina cewa kiɗan Yarbawa hayaniya ce, sai ga kafaɗata tana motsi ba da izinina ba. Ya gani kuwa.

"Baiwa ta ji kiɗan iyayen gidanta!"

Bakinsa kawai na gani, sai da na ɗaga ƙoƙo ɗaya ya maimaita. Na ce ya sa mini kalangu, irin wanda na saba ji in mahautan Oko-Oba suna biki. Ya sa. A nan na kama abin da ƙarya. Kalangu na san shi, muryarsa ta saurayi ce mai tsiwa. Wannan kuwa ya ba shi tumbi, ya mai da shi tambari. Daɗi kam akwai daɗi, irin na miyar da aka cika wa dunƙule, loma uku na farko ka ce ba a taɓa girki ba, ta goma kana neman ruwa.

Na cire na ce, "Wannan maroƙi ne. Kowa ya zo ya ce masa ɗan sarki."

Ya ce irinsa mutane suke so, shi ma yakan sa shi ran da ya gaji. Sannan ya ɗauko na ukun da hannu biyu.

Da a hanya na gan shi ba zan duƙa ba. Tsoho ne, toka-toka, soson kunnen ya sha ɗinki, bayansa kuma raga ce kamar rariya, kana hango cikinsa. Ba ya shiga rediyo kai tsaye, sai ta wani akwatin ƙarfe mai ƙwayayen gilashi da suke yin ja a hankali kamar garwashi, har sai da muka jira su yi ɗumi. Na kifa. Bai rufe komai ba, ina jin danfo, ina jin mai tallan burodi.

Na ce, "Wannan ai a huje yake."

Ya ce, "Haka aka yi shi, Iya. Yi shiru."

Ya mayar da gogen farko, shi dai wannan kiɗan.

Ban san yadda zan faɗa ba, ni da magana ba ta taɓa gagarata ba. Mai gogen ya fita daga cikin kaina, ya koma gabana, ɗan dama kaɗan, kamar taku uku, a zaune a ƙasa. Na ji izga tana cizon izga kafin sauti ya fito. Na ji zoben hannunsa yana taɓa ƙoƙon gogen. Na ji ya ja numfashi ta hanci, na ji ya haɗiye yawu. 'Yan amshinsa uku ne, ba biyu ba kamar yadda na ɗauka, na ukun yana baya yana rage murya don bai iya sosai ba. Har ɗakin na ji, ƙarami ne, don sautin yana dukan bango ya dawo da sauri. Mutumin nan an ce ya daɗe da mutuwa. Ga shi yana haɗiyar yawu a gabana da hantsi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan hikima, ya kuma ba shi kunnen da zai ji ta.

Bai bar ni haka ba, ya ce bari in ji na Turawa. Ni ban san kan kiɗansu ba. Amma na ji wani ɗaki da ban taɓa shiga irinsa ba, rufinsa can sama, mutane kamar kasuwa guda suna goge tare, duk suna jan baka ɗaya kamar mutum guda. Suka yi ƙasa, suka yi ƙasa, har ya rage wata sarewa ita kaɗai daga nesa, siririya kamar zaren gizo, ba ta kuma tsinke ba. A cikin wannan shirun wani ya yi tari can baya, sau ɗaya, ya danne. Na tausaya masa. Bature ne da ban sani ba, a garin da ba zan je ba, amma na san kunyar da ya ji.

Na ce, "Shi wannan ba ya ƙari, ba ya ragi."

"Shi ya sa ba ya farin jini," in ji shi. "In kiɗa mummuna ne, haka zai kawo miki shi da muninsa. Kin shirya?"

Ya sa kaset ɗina. Da gangan ya bi da ni ta kan ƙosai tukuna, shuuu ɗin nan ya cika kaina. Ya sauya mini baƙin. Ƙwaryar ruwanmu ta zama tambari ita ma, muryata ta fito gaba, cikakkiya, ta mace mai ƙarfinta, har na ji daɗin kaina. Da aka zo inda na shaƙe, dukan ƙwarya ya danne komai. Sai dai a hagu na ji kamar wani abu yana motsi a ƙarƙashi, irin yadda kake sanin akwai kifi a gurɓataccen ruwa ba ka gan shi ba. Na ce ya mayar baya, ya ba ni mai rariya.

Tsakar gidanmu ta dawo. Na ji ruwa yana lasar bakin ƙwarya a cikin daro, ɓul-ɓul, abin da ko a ranar ban lura da shi ba. Na ji kowace mace a inda ta zauna: maguɗiyarmu a dama kusa da rijiya, mai ludayi biyu a tsakiya, warwaron hannunta na ƙara. Akuyar maƙwabta ta yi kuka. Matan nan duk sun riga ni, saura biyu, amma ga su sun jeru ba wadda ta tsufa. Na bi muryata, na tara, na goma, na sha ɗaya. Na ji inda ta tsage. Na ji na ja majina. Guɗa ta tashi a dama.

A hagu kuma, dab da kunnena, kusa har kamar zan ji ɗumin bakinta, wata murya ta ɗauka daga inda na yar. Ƙasa-ƙasa, irin muryar da mutum yake yi wa kansa.

Yaya.

Tsallaka sannu, ƙafar dama gaba,
Goron da aka naɗe a ganye ba ya bushewa.
Mun naɗe ki, mun yayyafa miki ruwa,
In kin ji kukan jirgi da hantsi, mu ne muke gaishe ki.

Sannan ta kira sunan. Sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tun ranar da aka raɗa shi, ta kira shi cikakke, ta ja ƙarshensa kamar yadda ake ja in ana kiran yaro ya zo ya ci abinci.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da wayar ta fizge ni. Mai gyara ya tsayar da kaset. Bai yi mini wasa ba. Ya kifa a nasa kunnen, ya mayar baya, ya saurara ido a rufe. Ya tambaye ni a ina aka ajiye rikodar ranar. Na tuna: a kan tagar ɗakin Yaya, don kada a taka. Ya ce to shi ke nan. Irin wannan rikodar kunne biyu gare ta, ɗaya ya fuskanci tsakar gida, ɗaya ya fuskanci ɗaki. Rediyona kuwa baki ɗaya gare shi, yana haɗa su ya dama, mai ƙarfi ya cinye mai rauni. Duk shekarun nan tana ciki tana yi, ba wanda ya ji.

Baitin kam ya koma mazauninsa tun a jin farko. Na ɗaura kallabina, na kama hanyar gida ina maimaita shi a ƙarƙashin mayafi. Kuma zan faɗi abin da zuciyata ta raya mini, don ban zo nan in wanke kaina ba. Ta ce: shi ke nan, asirinki ya rufu. Ranar biki ki miƙe ki zuba sha biyu cif, a ce Inna ba ta tsufa ba. Wa ya san kin manta? Bayaraben ma bai sani ba, kaset kawai kika kai gyara. In kuwa kika kawo 'yar nan ta ji, dole ta tambaya me ya kai ki tonon tsohon kaset.

Kwana biyu ina ɗauke da wannan. Na yi shara da shi, na yi salla da shi. Abin da ya hana ni sakat shi ne sunan. Baitin nawa ne in rera, gadona ne. Sunan kuwa ba ni aka kira ba.

Ran na uku na hau danfo har Mile 12. Na same ta a gida tana yanka kuɓewa. Ban zauna ba.

Na ce, "Na manta baitin Yaya. Tun ranar da kika zo na neme shi na rasa, cika baki kawai na yi miki."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. "Inna, ke?"

"Ni. Amma an mayar mini da shi. Ɗauko mayafinki ki je ki ji wanda ya mayar."

A shago mai gyara ya buɗe baki zai fara wasan, ya dubi fuskokinmu, ya mayar ya rufe. Ya kunna akwatin, muka zauna mu uku muna kallon ƙwayayen suna yin ja. Ya juya baya, ni na zame mata kallabi da hannuna, na kifa mata mai rariya. Ban gaya mata abin da za ta ji ba. Da yake abin a huje yake, ina jiyo kiɗan yana tsiyayowa kaɗan-kaɗan, don haka na san inda take. A na bakwai ta yi murmushi. A na goma ta ce da ƙarfi, irin na wanda bai san yana ihu ba, "Inna, ji muryarki!" A na sha ɗaya ta sunkuyar da kai. Guɗa ta tashi.

Sai na ga hannunta na hagu ya tashi a hankali ya dafe rariyar, ya danna ta a kunne. Bakinta ya buɗe. Ba ta yi kuka ba a lokacin, kukan sai a danfo. Ta zauna kawai kamar wadda aka kira daga nesa tana neman ta ina.

Da ya ƙare ta ce, ba da ni take ba, ba da shi ba, "Ashe haka take faɗinsa."

Ranar biki na yi sha biyu, na kira sunan jikata, ta tsallake da ƙafar dama, mata suka ce ba su taɓa jin na yi kamar ranar ba. Na karɓa, don gaskiya ne. Amma in na tuna shekarar nan ba gidan biki nake gani ba, shagon nan nake gani. Sau huɗu ta sa aka mayar mata, mai gyara yana ƙorafin zaren ya tsufa, a bari ya juye shi a sabo tukuna, tana cewa sau ɗaya dai, Oga, sau ɗaya. A na huɗun ta kama ɓangaren dama ta ture shi daga kunnenta ya koma baya, ta bar na hagu kaɗai.

Na ce, "Ke, ai kin cire rabi."

Ta ce, "Yi haƙuri, Inna. Muryarki ce ta cika ƙarfi, tana tare mini ita."

Mai gyara ya waigo ya dube ni, yana jiran ya ga abin da Bagobira za ta yi. Na gyara zama, na naɗe hannuwana, na yi shiru har aka gama.